Fankshin ɗaya, siffa daban-daban: me ya sa ake juya shi, kuma me ke salwanta a hanya?

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a jami'a. A darasin lissafi ana ba mu fankshin a jadawali a ce mu fito da fomularsa, ko a ba mu fomula a ce mu zana giraf, ko a ce mu sake rubuta fomular a wata siffa. Ina iya bin matakan in ci jarrabawa, amma ban ga amfanin wannan juye-juye ba tunda abin ɗaya ne. Kuma ta yaya zan tabbatar abin da na samu bayan juyawa shi ne wanda na fara da shi?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma na yi murna da ka yi ta, don akwai waɗanda ke gama karatun lissafi ba su taɓa tsayawa sun yi wa kansu ita ba. Zan ɗauke su a jere, ko da yake za ka ga sun sarƙe da juna.

Mu fara daidaitawa a kan abin da ake nufi da fankshin. Ƙa'ida ce da za ka miƙa mata lamba ta mayar maka da lamba guda ɗaya tak, kuma duk ranar da ka sake miƙa mata wannan lambar, amsar nan dai za ta ba ka. Tare da ƙa'idar akwai tarin lambobin da ta yarda ta karɓa, wanda zan riƙa kira farfajiyar fankshin. Riƙe wannan kalma da kyau, za mu dawo kanta. Fomula hanya ce ta faɗin ƙa'idar, jadawali wata hanya ce, giraf wata, bayani da baki ma wata. Masana kansu sun daɗe kafin su raba fankshin da fomularsa. Leibniz ne ya fara amfani da kalmar a 1673, Euler ya kawo rubutun f(x) a 1734, kuma a littafinsa na 1748 abin da ya kira fankshin kusan fomula ce kawai. Sai a ƙarni na 19, musamman da aikin Dirichlet na 1837, aka zauna a kan cewa muddin kowace x tana da y guda ɗaya, fankshin ya samu, ko akwai fomula ko babu. Don haka in kana jin kamar fomula ce ainihin abin, sauran kuma inuwarta ne, manya ma sun daɗe da wannan zato.

Bari mu ɗauki fankshin guda mu jujjuya shi a hannu: y = 2x² − 8x + 6.

In na tambaye ka nawa ne y idan x sifili ce, ba ka buƙatar alƙalami. Amsar 6 ce, ga ta can a ƙarshe tana kallonka. In na ce a ina y take zama sifili, wato a ina girafin ya ratsa layin kwance, wannan siffar ta yi gum. Sai ka fitar da 2 waje ka samu 2(x² − 4x + 3), ka nemi lambobi biyu waɗanda in an ninka su a samu 3, in an tara su a samu −4. Su ne −1 da −3, ka samu y = 2(x − 1)(x − 3). Yanzu amsar a fili take: 1 da 3, domin da zarar ɗaya daga cikin abubuwan da ake ninkawa ya zama sifili, duka sun tafi. To, in na ƙara tambaya, mene ne mafi ƙanƙantar abin da y za ta iya zama? Siffofin nan biyu duk ba su da bakin magana. Akwai ta uku: y = 2(x − 2)² − 2. Lambar da aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, saboda haka iyakar ƙanƙantar 2(x − 2)² sifili ne, kuma a x = 2 hakan ke faruwa. Ke nan y ba za ta taɓa sauka ƙasa da −2 ba. Kowace siffa ta amsa tambaya ɗaya nan take, ta rufe biyu. Amfanin juyawar da kake tambaya ke nan. Wanda hannunsa ya faɗa yana fara duba tambayar da ke gabansa ne, sannan ya kai fankshin ɗin siffar da amsar ke kwance a samanta.

Siffa ta ukun nan ita ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da fahimta ba, alhali ita ce mai hoto mafi kyau. Ana kiran hanyar cike murabba'i, kuma da gaske murabba'i ake cikewa. Muhammad bn Musa Alkhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajajen shekara ta 820, kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, ya kawo misalin da a rubutun yau za mu rubuta x² + 10x = 39. Shi bai yi amfani da alama ko ɗaya ba, da kalmomi ya rubuta komai, ya kafa hujja da zane. Ɗauki takarda ka bi shi. Zana murabba'i mai tsawon gefe x, faɗin filinsa x² ke nan. Raba 10x gida biyu, 5x da 5x. Manna wa murabba'in wani fili mai tsawo x da faɗi 5 a gefen dama, ka manna wani irinsa a ƙasa. Abin da ka zana yanzu filinsa 39 ne, kuma saura kaɗan ya zama babban murabba'i, kusurwa ɗaya ce ta rage, mai 5 sau 5. Cike ta da 25, jimla ta zama 64. Murabba'in da filinsa 64 ne gefensa 8 ne, gefen kuwa x + 5 ne, don haka x = 3. Duk lokacin da malami ya ce "ɗauki rabin lambar da ke gaban x ka ninka ta da kanta", wannan kusurwar yake cikewa. A namu misalin, cikin x² − 4x + 3, rabin 4 shi ne 2, ninkinsa da kansa 4, sai mu ƙara 4 mu ɗebe 4: (x − 2)² − 4 + 3, wato (x − 2)² − 1. Ninka da 2 ɗin da ke waje, ka ga siffa ta uku ta fito.

Duk juyin da muka yi zuwa nan daga fomula ne zuwa fomula, kuma ba abin da ya ɓata. Yanzu mu shiga inda ake asara.

Daga fomula zuwa jadawali aiki ne mai sauƙi. Sa x = 0, 1, 2, 3, 4, 5, ka samu y = 6, 0, −2, 0, 6, 16. Amma lura, fomular tana ɗauke da amsar lambobi marasa iyaka, jadawalin shida kacal ya riƙe. Komawa baya shi ne aikin. A ce jadawalin nan kaɗai aka ba ka. Ɗebe kowace y daga wadda ke biye da ita: −6, −2, 2, 6, 10. Wannan shi ne bambanci na farko. Da a ce duk lamba ɗaya ya bayar, da miƙaƙƙen layi ne, lambar kuma ita ce gangararsa. Bai bayar ba, sai ka sake ɗebewa: 4, 4, 4, 4. Bambanci na biyu ya tsaya cak, alamar fankshin mai siffar ax² + bx + c ke nan, wanda ake kira kwadiratik. In tazarar x ɗaya-ɗaya ce, bambanci na biyu ninki biyu ne na a, don haka a = 2. Lambar c ita ce y a x = 0, wato 6. Bambancin farko na farko kuwa a + b ne, wato −6, sai b ta zama −8. Mun dawo gida.

Wannan dabara ba wasan aji ba ce. In ka juya ta baya, za ka iya ci gaba da jadawalin da tarawa zalla: ƙara 4 a kan 10 ka samu 14, ƙara 14 a kan 16 ka samu 30, ita ce y a x = 6, ba tare da ka ninka komai ba. A kan wannan Charles Babbage ya gina tunanin injinsa na lissafi da ya gabatar a Ingila a 1822, inji mai haƙoran ƙarfe wanda tarawa kaɗai ya iya, amma yana fitar da jadawalin folinomiyal, wato fomula irin tamu da aka tara daga gaɓoɓi kamar x, x², x³, kowanne da lamba a gabansa. Bai kammala shi a rayuwarsa ba. A 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya ƙera injin daga zanen samfuri na biyu da Babbage ya bari, kuma ya yi aiki.

Sai dai akwai abin da na haɗiye a can sama, kuma shi ne babban gargaɗina. Na ce "alama", ban ce "hujja" ba. Jadawali mai iyaka ba ya tabbatar da fomula. Gwada wannan da hannunka. Zana da'ira, ka sa ɗigo a bakinta, ka haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi, ka ƙirga gida nawa da'irar ta kasu. Ɗigo ɗaya, gida 1. Ɗigo biyu, gida 2. Uku, 4. Huɗu, 8. Biyar, 16. Duk ajin da na taɓa yi wa wannan, kafin in rufe baki an ce na gaba 32 ne. Sa ɗigo shida, ka tabbatar babu layuka uku da suka haɗu a wuri ɗaya a ciki, ka ƙirga a tsanake: 31. Na bakwai 57, ba 64 ba. Fomular gaskiya, inda n ke nufin yawan ɗigo, folinomiyal ce mai daraja huɗu, wato babban gaɓarta n⁴ ce, (n⁴ − 6n³ + 23n² − 18n + 24)/24, wadda ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ninki biyu-biyu har sau biyar sannan suka rabu. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka duk sa'ad da ka fito da fomula daga jadawali, ka san ka ƙara wani abu daga wajenka, wato zaton irin fankshin ɗin. A jarrabawa tambayar ce ke ba ka zaton, in ta ce "fankshin ɗin kwadiratik ne". A aikin gaske kuwa sanin abin da ake aunawa ne ke ba ka shi. Dutsen da aka saki daga sama nisan faɗuwarsa yana bin murabba'in lokaci, kuma ilimin fiziks ne ya faɗi haka kafin jadawali ya goyi baya.

Kada kuma ka ɗauka yawan lambobi yana magance matsalar. Ta kowane ɗigo n + 1 masu x daban-daban akwai folinomiyal guda mai daraja n ko ƙasa da haka da zai ratsa su duka, amma Carl Runge ya nuna a 1901 cewa in ɗigogin suna da tazara iri ɗaya, akwai fankshin masu santsi waɗanda ƙarin ɗigo ke sa folinomiyal ɗin ƙara fizge-fizge a gefuna. In lambobin daga awo suka fito, da ɗan kuskuren da awo ba ya rasawa, tilasta wa layi ratsa kowane ɗigo kuskure ne ma tun daga tushe. Abin da ake nema shi ne layin da ya fi kusa da su gaba ɗaya, da hanyar da Legendre ya wallafa a 1805.

Wani jadawalin kuma ɗebewa ba ta kai ka ko'ina. Duba 3, 6, 12, 24, 48. Bambancinsa 3, 6, 12, 24 ne, kansa ya maimaita, ko sau nawa ka ɗebe haka zai yi ta yi. Nan rabawa ake yi: kowace lamba in ka raba ta da wadda ta gabace ta, 2 za ka samu. Fankshin ɗin y = 3 × 2ˣ ne. Irin wannan ma yana da siffa fiye da ɗaya, kowacce da mai buƙatarta. Sinadarin kabon-14, wanda ake auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da itatuwa da shi, rabinsa yana lalacewa a cikin kimanin shekara 5,730. In N ce adadin farko, t kuma shekaru, ka rubuta abin da ya rage a matsayin N × (1/2)^(t/5730), kowa ya kalla ya ga tsawon rabin rayuwar. In ka rubuta shi N × e^(−0.000121t), rabin rayuwar ya ɓuya, amma saurin lalacewar ya fito, kuma wannan siffar ce kalkulas ke sha'awa. Gadar da ke tsakaninsu ita ce logaridim na 2 mai tushe e (lambar nan mai kimanin 2.718), wato kimanin 0.693. Raba shi da 5,730 ka ga 0.000121.

Logaridim, wanda John Napier ya fito da shi a 1614, yana mayar da ninkawa tarawa, kuma saboda haka yana miƙe layukan da suka lanƙwashe. Ina son wannan misalin ƙwarai. In ka ɗauki nisan duniyarmu daga rana a matsayin 1, tsawon shekararta ma 1, to duniyar Mas tana nisan 1.524, tana zagaye rana a shekara 1.881. Jufita tana nisan 5.20, tana zagayawa a shekara 11.86. Kalli lambobin nan har gobe, ba lalle ka ga ƙa'ida ba. Ɗauki logaridim ɗinsu mai tushe 10. Mas: 0.183 da 0.274. Jufita: 0.716 da 1.074. Raba ta biyu da ta farko a kowanne, 1.5 za ka samu duka biyun. Ke nan a girafin logaridim duniyoyin suna kan miƙaƙƙen layi mai gangara 3/2, wanda ke nufin murabba'in tsawon shekara daidai yake da nisa sau nisa sau nisa, T² = a³. Dokar Kepler ta uku ke nan, wadda ya wallafa a 1619. Ido yana gane miƙaƙƙen layi nan take, amma ba ya iya bambance lanƙwasar x² da ta 2ˣ a ɗan gajeren zango, shi ya sa masana kimiyya ke yawan canza ma'aunin giraf har sai abin ya miƙe.

Tunda mun zo kan giraf: an ce gani ya kori ji, kuma haka ne. Tun da Descartes ya haɗa aljabara da zane a 1637, babu siffar da ta kai giraf nuna halin fankshin a kallo ɗaya, inda yake hawa, inda yake sauka, inda ya juya. Amma lambar da ka karanto daga giraf kimantawa ce, kuma giraf yana nuna zangon da aka zana ne kawai. Na taɓa ba ɗalibai y = 1/x su zana. Wata yarinya mai ƙwazo ta cika jadawalinta tsaf, x = −3, −2, −1, 1, 2, 3, ta tsallake sifili don ta san ba a raba lamba da shi. Ta sa ɗigoginta shida daidai. Sannan ta ɗora rula ta haɗa ɗigon (−1, −1) da na (1, 1), layin ya ratsa ta tsakiyar giraf, ta kan sifilin da ta guje wa. Ban ce mata komai ba, na dai roƙe ta ta ƙara x = 0.5, da 0.1, da 0.01 a jadawalin. Ta samu 2, ta samu 10, da ta ga 100 sai ta ajiye fensir ta ɗauki abin gogewa. Jadawalinta daidai ne, hannunta ne ya cike giɓin da abin da babu shi. Kafin ka haɗa ɗigo biyu, tambayi fomula abin da ke faruwa a tsakaninsu.

Akwai kuma zanen da ba fankshin ba ne sam. Da'ira mai x² + y² = 25 tana ba x = 3 amsa biyu, 4 da −4. In ka juya ta ka rubuta y = √(25 − x²), rabin sama kaɗai ka ɗauko, rabin ƙasa ya salwanta ba ka ji ƙararsa ba. In kana son ta duka, sai ka kawo lamba ta uku, t, wato kusurwar juyawa: x = 5 cos t, y = 5 sin t. Yanzu x da y kowacce fankshin ce ta t, kuma siffar tana faɗa maka har inda abin da ke zagayawa yake a kowane lokaci. In kuma da nisa daga tsakiya da kusurwa kake auna wuri, da'irar gaba ɗaya r = 5 ce.

Wannan ya kawo mu tsakiyar tambayarka ta biyu. Fankshin biyu suna zama ɗaya ne in sun cika sharaɗi biyu: farfajiyarsu ɗaya, kuma a kowace lamba ta farfajiyar amsarsu ɗaya. Ɗalibai suna duba na biyu su manta na farko, kuma kusan duk asarar da ake yi a juyin fomula ta nan take shigowa. Ɗauki (x² − 1)/(x − 1). Sama ya kasu (x − 1)(x + 1), ka soke (x − 1) sama da ƙasa, ka samu x + 1. Amma na farko ba ya karɓar x = 1, domin zai zama sifili bisa sifili, na biyu kuwa yana karɓa ya ba da 2. Girafin na farko miƙaƙƙen layi ne mai rami a (1, 2). Daidai rubutun shi ne x + 1, da sharaɗin x ba 1 ba ce. Haka log(x²) da 2 log x: na farko yana karɓar −3, don murabba'inta 9 ne, na biyu ba ya karɓar duk lambar da ke ƙasa da sifili, ka ga rabin farfajiya ya tafi. Haka √(x²), wanda hannu ke saurin rubutawa x. Sa −5 ka gani: murabba'inta 25, tushensa 5. Amsar |x| ce. Matakan da nake so ka riƙa tsayawa a kansu duk lokacin da ka zo su ne sokewa ko rabawa da abin da ke ɗauke da x, ɗaukar tushe ko ninka gefe biyu da kansu, da shiga ko fita daga logaridim. Buɗe baka, tarawa, da fitar da lamba waje ba sa cin komai.

Juyawa zuwa jerin da ba ya ƙarewa ma tana da irin wannan iyaka. Madhava na Kerala a Indiya ya gano tun ƙarni na 14 cewa sin x = x − x³/6 + x⁵/120 − …, in an auna kusurwa da radiyan, kafin Brook Taylor ya wallafa ƙa'idar gaba ɗaya a 1715. Sa x = 0.5 a gaɓoɓi ukun farko kawai, ka samu 0.479427, ainihin kuwa 0.479426. Wannan jerin yana aiki ga kowace x. Amma 1/(1 − x) = 1 + x + x² + x³ + … yana aiki ne kawai in x tana tsakanin −1 da 1. Sa 2, hagu ya ba ka −1, dama ya kama 1 + 2 + 4 + 8 ya yi ta hawa ba tsayawa.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa 'yan shekarar farko ba, kuma zai yi maka amfani ranar da ka fara rubuta manhaja: siffa biyu na iya zama ɗaya a takarda su bambanta a kwamfuta, domin ita tana riƙe alƙaluma kusan 16 ne kacal na kowace lamba. √(x + 1) − √x daidai yake da 1/(√(x + 1) + √x), ninka sama da ƙasa da √(x + 1) + √x ka tabbatar. Ba wa kwamfuta x = 10¹⁶. Siffar farko za ta ba ka sifili, don a wurinta x + 1 da x sun zama lamba ɗaya. Ta biyu za ta ba ka 0.000000005, wadda ita ce daidai. Akwai kuma batun sauri. 3x³ − 5x² + 4x − 7 ana iya rubuta shi ((3x − 5)x + 4)x − 7. A x = 2: shida a ɗebe biyar saura 1, sau biyu a ƙara huɗu 6, sau biyu a ɗebe bakwai 5. Ninkawa uku kawai, da ka ma za ka iya yi. Ana jingina hanyar ga William Horner saboda rubutunsa na 1819, ko da yake masana lissafi a ƙasar Sin sun riga shi da ƙarnoni.

To, ta yaya za ka bincika aikinka a zauren jarrabawa? In folinomiyal ne, akwai tabbaci cikakke: folinomiyal biyu da darajarsu ba ta wuce n ba, in sun yi daidai a lambobi n + 1, ɗaya ne. Ga kwadiratik lambobi uku sun isa. Sa 0, 1, 2 a siffofinmu uku na farko, kowacce za ta ba ka 6, 0, −2, magana ta ƙare. In akwai rabawa, ko tushe, ko logaridim, gwajin lambobi yana kama kuskure amma ba ya zama hujja, kuma zaɓen lambobin shi ne gwaninta. Kada ka tsaya a 1 da 2, su ne suka fi rufa wa kuskure asiri: 2 + 2, da 2 × 2, da 2² duk 4 ne. Gwada lamba ƙasa da sifili, gwada sifili, gwada rabi, sannan ka nufi lambar da ke mayar da ƙasan rabawa sifili da gangan. Kuma tun kafin ka taɓa fomular, rubuta farfajiyarta a gefen takarda, in ka gama juyawa ka sake rubuta ta sabuwar, ka gwama su.

Ga wanda za ka gwada a daren nan. An ce fankshin kwadiratik ne, kuma a x = 0, 1, 2, 3, 4 yana ba da y = 5, 0, −3, −4, −3. Fito da fomularsa ta hanyar bambanci, ka rubuta ta a siffofin nan uku, ka zana girafin daga abin da siffofin suka faɗa maka ba tare da ƙara ɗigo ko ɗaya ba. Bayan haka ka raba fankshin ɗin da (x − 1), ka rubuto mini a wace x sabon girafin ya sami rami, da kuma y ɗin da ya kamata a ce tana wurin.